Matata da ƙanwarta ciki ɗaya suka fito, amma ɗaya kaɗai aka rubuta a littafin ƙasa

Tambaya:

Assalamu alaikum, Barista. Ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. An haifi maiɗakina a 1988 a wani ƙauyen ma'aikatan rake kusa da San Pedro de Macorís, a Jamhuriyar Dominikan. Iyayenta daga Haiti suka je yankan rake, ba su taɓa samun izinin zama ba. Katin aiki da gonar ta ba mahaifinta shi ne kaɗai takardarsa, kuma da shi ya yi mata rajistar haihuwa. Tana da katin ɗan ƙasa da fasfo. Bana ta nemi sabon kwafin takardar haihuwarta don ta sabunta fasfo, aka ce mata fayil ɗinta na cikin bincike. Ƙanwarta kuwa haihuwar 1999 ce, a gida ungozoma ta karɓe ta, ba a taɓa yi mata rajista ba. Tana can da ɗiyarta 'yar shekara shida, uban yarinyar ɗan Dominikan ne mai katinsa. Wani ya ce mu ba shi kuɗi ya fito wa ƙanwar da takardu, wani kuma ya ce ta karɓi fasfon Haiti ta huta. Mene ne matsayinsu a doka, kuma ta ina za mu fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita. Mutum uku ka kawo mini, gida ɗaya, jini ɗaya, amma a wurin hukuma kowacce layinta daban. Abu biyu ne ke raba su: ranar da aka haifi mutum, da littafin da aka rubuta sunansa a ciki, in ma an rubuta. Maiɗakinka doka na tare da ita. Yarinyar ma haka, har ta fi ta ƙarfin hujja. Ƙanwar ce ke cikin tsaka mai wuya, kuma ba zan ɓoye maka hakan ba.

Sai ka san yadda aka zo nan, domin ma'aikacin da za ku tarar a kanta da lambobin dokokin nan zai yi muku magana. Daga 1929 har zuwa 2010, kowane kundin tsarin mulkin ƙasar ya ce duk wanda aka haifa a cikinta ɗanta ne, ban da 'ya'yan jakadu da 'ya'yan masu yada zango. Ƙa'idar shige da fice ta 1939 ta fayyace mai yada zango da wanda zai ratsa ƙasar ya wuce, zaman da bai fi kwana goma ba. Surukanka ba kwana goma suka yi ba. Irinsu gwamnatocin ƙasashen biyu ne suka riƙa ɗebo su bisa yarjejeniya tun 1952, aka zuba su a matsugunan gonakin rake da ake kira batey, suka tsufa a nan. Katin da ka ambata sunansa ficha, kuma shekara da shekaru ofisoshin rajista na karɓarsa ba gardama.

A 2004 dokar shige da fice mai lamba 285-04 ta sa duk wanda ba shi da izinin zama cikin masu yada zango. A 2005 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka, a shari'ar 'yan mata biyu Yean da Bosico, ta ce laifin shigar iyaye ba gado ba ne da zai hau kan 'ya'ya. Hukuma ba ta saurara ba. A 2007 hukumar zaɓe ta ƙasa, JCE, wadda ita ce kuma ke riƙe da rajistar haihuwa da katin ɗan ƙasa, ta fara dakatar da takardun mutane. Kundin 26 ga Janairun 2010 ya fito fili ya cire 'ya'yan marasa izinin zama. Da a nan aka tsaya, da waɗanda aka haifa daga ranar ne kawai abin zai shafa. Sai ranar 23 ga Satumban 2013 Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci mai lamba 168-13 a ƙarar Juliana Deguis Pierre, haifaffiyar 1984, ta ce wannan fassara ta koma baya har 1929. Alƙalai 11 cikin 13 suka amince, biyu suka ƙi. A ganina biyun ne suka yi daidai, domin sashe na 110 na kundin ya hana doka komawa baya ta cutar da mutum, sashe na 18 kuma ya ce wanda yake ɗan ƙasa kafin 2010 yana nan a matsayinsa. Amma ra'ayina ba ya buɗe ƙofar ofis. Sashe na 184 ya sa hukuncin kotun nan ya ɗaure kowace hukuma, don haka da shi za mu yi lissafi.

Mai karatu daga Najeriya na iya cewa ai mu ma jini muke bi, ba wurin haihuwa ba, kuma ɗan da aka haifa a Jidda ba iƙama bai zama ɗan Saudiyya ba. Gaskiya ne, kuma hujjar gwamnatin Dominikan ke nan: mutanen nan 'yan Haiti ne ta jini. Bambancin shi ne Saudiyya ba ta taɓa yi wa kowa wannan alkawari ba, ita kuwa Dominikan ta rubuta shi a kundinta shekara tamanin, ta ba mutane katin, sannan ta dawo ta ce a miƙo.

Da duniya ta yi ca, Shugaba Danilo Medina ya sa hannu kan doka mai lamba 169-14 a Mayun 2014, wadda ta kasa mutanen gida biyu. Rukunin A su ne waɗanda aka haifa tsakanin 16 ga Yunin 1929 da 18 ga Afrilun 2007 kuma aka yi musu rajista. Rukunin B su ne waɗanda ba a taɓa yi wa rajista ba.

Maiɗakinka 'yar rukunin A ce. Dokar ta umarci JCE ta gyara ko ta kwafe rajistarta, ta tabbatar da ita a matsayin 'yar ƙasa, ba tare da an ɗora mata wata ɗawainiya ba. Lambar katinta, wanda suke kira cédula, ba ta canzawa, kuma duk abin da ta ƙulla da tsofaffin takardunta, aure ko takardar makaranta, yana nan daram. Wannan haƙƙin ba shi da wa'adi. Wanda dokar ta cire shi ne wanda aka samu ƙarya ko jabu a rajistarsa kuma shi da kansa ya aikata. Jaririyar da mahaifinta ya kai ofis a 1988 ba ta aikata komai ba.

A takarda ke nan. A aikace, JCE ta fitar da sunaye kimanin 55,000 a Yunin 2015, daga baya adadin ya kai wajen 61,000, kuma bayan shekaru da dama waɗanda suka karɓi takardunsu ba su kai rabi ba. Saboda haka kada ta karɓi amsar baki. Ta je ofishin JCE da ke nan New York, ta nemi a gaya mata abu uku: ko sunanta na cikin waɗanda aka tantance, ko an kwafe rajistarta zuwa littafin da suke kira Libro de Transcripción, da kuma dalilin dakatarwar. Ta riƙe lambar littafi, lambar shafi, lambar takarda da shekarar rajista, duk suna jikin tsohuwar takardarta. In aka ce sai a can gida, za ta iya wakilta wani da takardar wakilci da aka yi a ofishin jakadancin Dominikan, amma in aka kira ta tattaunawa a sashen bincike, ita da kanta ake nema. Ainihin takardu ba sa barin hannunta. Kwafi ake miƙawa, kuma kowane kwafi a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata a kan nata.

Abu biyu ke yawan tsayar da irin wannan fayil. Na farko rubutun suna. Ma'aikatan da suka rubuta sunayen Haiti da kunne suka rubuta: Pierre ya koma Pie, Jean ya koma Yan. In sunan mahaifi a ficha ya saɓa da na takardar haihuwa, fayil ya maƙale. Ƙaramin kuskure JCE na gyarawa da kanta, babba kuwa sai Babbar Kotun Zaɓe, TSE. Na biyu shi ne kwafewar kanta. Sabuwar takarda na fitowa da wata lamba daban, JCE kuma kan kai ƙara a soke tsohuwar da sunan rajista biyu. In sammaci irin wannan ya zo gidan iyayenta, kada a jefa shi ƙarƙashin katifa, a kai wa lauya a ranar. Ta kuma adana tsohuwar da sabuwar tare, domin fayil ɗinta na shige da fice a Amurka da tsohuwar lamba aka buɗe shi.

In aka yi ta ja mata rai, akwai hanyar kotu mai sauri da ake kira amparo de cumplimiento, wato a tilasta wa hukuma ta bi doka. Dokar 137-11 ta tsara matakan. Lauya zai aika wa JCE takardar neman cika haƙƙi ta hannun masinjan kotu. A jira ranakun aiki 15. In ba amsa ko an ƙi, akwai kwana 60 na shigar da ƙara a kotun harkokin gwamnati. Ba a biyan kuɗin kotu. In aka faɗi, kwana biyar kacal ake da su daga ranar da aka miƙa hukunci don kai batun Kotun Tsarin Mulki. Wa'adin nan ne ke kayar da mutane fiye da raunin hujja. Dole lauyan ya zama mai lasisin aiki a Dominikan. Lauyan Amurka zai iya duba muku ɓangaren Amurka ne kawai.

Yarinyar kuwa, sakin layi na farko na sashe na 18 na kundin tsarin mulki ya gama magana: ɗan da uwarsa ko ubansa ɗan Dominikan ne, shi ma ɗan Dominikan ne. Hukuncin 168-13 bai taɓa wannan ba. Abin da ke hana ruwa gudu shi ne tsarin rajista na bin takardun uwa. In uwa ba ta da kati, asibiti kan ba da takardar haihuwa ruwan hoda maimakon fara, ita kuma ruwan hodar littafin baƙi take kai yaro, Libro de Extranjería, wanda ba ya ba da ƙasa. Ku fara tambaya: wace kala aka ba su, kuma an shigar da yarinyar wani littafi ko ba a shigar ba?

In ba a shigar ba, wa'adin kwana 180 da dokar 4-23 ta 2023 ta tanada ya wuce, sai rajistar makara. Uban ne zai je ofishin rajista na yankin da aka haife ta, da katinsa, da takardar asibiti, da shaidar makaranta ko ta coci in akwai, ya furta cewa ɗiyarsa ce. Za a ce a kawo shaidar uwa, kuma a nan ake korar mutane da baki. Ya nemi a ƙi shi a rubuce. In an riga an sa ta a littafin baƙi, sai a nemi a mayar da ita littafin 'yan ƙasa bisa hujjar uba. Gwajin jini na DNA daga sanannen ɗakin gwaji na rage musu, kuma in uban ya noƙe, uwa na da damar kai ƙarar tabbatar da uba a kotun yara ƙarƙashin dokar 136-03. Ku yi wannan yanzu da uban ke raye kuma ake ɗasawa da shi. In ya rasu ko ya ɓace, aikin wata shida na iya zama na shekaru. Kafin nan kada a cire ta daga makaranta, sashe na 63 na kundin tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin ilimi.

Yanzu ƙanwar. An haife ta a 1999, lokacin da kundin ke cewa haihuwa a ƙasar ta wadatar. Bambancinta da yayarta shi ne ba wanda ya kai ta ofis, ko an kai aka koro su. Dokar 169-14 ta ba irinta kwana 90, aka ƙara 90, ƙofa ta rufe ranar 1 ga Fabrairun 2015. Mutum 8,755 kawai suka samu shiga. Tsarin ma kansa ɗaci ne da shi: ka rubuta kanka a littafin baƙi a ƙasar da aka binne cibiyarka, ka karɓi izinin zama, bayan shekara biyu ka roƙi a mai da kai ɗan ƙasa. Daga cikinsu, umarnin shugaban ƙasa mai lamba 262-20 na 2020 ya amince da 749, mai lamba 297-21 na 2021 ya ƙara 50, su ma ɗin suka yi shekaru suna jiran takarda a hannu.

Ku fara da bincika ko wani ya shigar da sunanta a lokacin. Shekararta 15, kuma coci-coci da ƙungiyoyi sun zaga batey suna cike wa mutane fom. In aka samu rasit ko tsohon kati daga Ma'aikatar Cikin Gida da 'Yan Sanda, ko da ya ƙare, tana da fayil da lauya zai bi. In babu, to a yau ba wani fom da za ta cike ta zama 'yar ƙasa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, mai lamba 1683, na neman fasfon ƙasar asali da izinin zama, ita kuwa ba ta da ko ɗaya. Aure ma ba mafita ba ne, tunda ofis ba ya ɗaura shi ba takardar haihuwa.

Duk da haka akwai aikin yi, kuma na gaggawa ne. Ƙa'idar 250-14, ta aiwatar da dokar 169-14, ta lissafa hujjoji huɗu da gwamnati da kanta ta yarda da su wajen tabbatar da haihuwa a ƙasar: takardar asibiti, rantsuwar shaidu bakwai 'yan Dominikan a gaban notario, wato lauyan da hukuma ta ba ikon tabbatar da rantsuwa da takardu, rantsuwar ungozoma, da rantsuwar dangi na kusa masu takardun ƙasa. Ƙofar ta rufe, amma duk ranar da aka sake buɗe wata, ko aka tsaya gaban alƙali, irin waɗannan za a nema. In ungozomar na raye, a kai mata notario cikin watan nan, ta faɗi rana da gida da sunan uwa. Maiɗakinka, da zarar nata ya daidaita, ita ce shaida mafi ƙarfi, shi ya sa nata ya zama na farko. A haɗa da katin rigakafi, takardun firamare, takardar baftisma da ficha ɗin mahaifi. A ɗauki hoton komai a turo muku nan. Sannan ta kai kanta ofishin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a can ake kira ACNUR, da ƙungiyoyi irin su MUDHA da marigayiya Sonia Pierre ta jagoranta, da Reconoci.do, da Centro Montalvo. Suna da lauyoyin da wannan ne aikinsu kullum.

Kotun nahiyar ta sake ba irinta gaskiya a Agustan 2014, sai Kotun Tsarin Mulki ta mayar da martani a Nuwamba da hukunci mai lamba 256-14, ta ce amincewar da ƙasar ta yi da hurumin kotun ba ta bi ƙa'ida ba. Ana iya kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta nahiyar a Washington, amma tafiya ce ta shekaru.

Mai cewa a ba shi kuɗi, ku rabu da shi. Abin da irinsu ke yi shi ne su sa wani ɗan ƙasa ya ce ɗiyarsa ce, ko su ɗora ta a kan rajistar wata. JCE na ɗaukar hoton yatsu, kuma ranar da abin ya tonu za a soke katin, a gurfanar da ita, kuma wannan karon ƙaryar da hannunta aka yi. Binciken zai iya dawowa kan fayil ɗin yayarta da na ɗiyarta. Da mugun rawa gara ƙin tashi.

Fasfon Haiti ba haramun ba ne, amma ba ƙaramar shawara ba ce. Sashe na 11 na kundin Haiti na 1987 ya ba da ƙasa ta jinin uwa ko uba, kuma tun gyaran 2012 an yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Sai dai dole a nuna takardun iyaye, kuma masu yankan rake da yawa su ma ba a taɓa yi musu rajista a Haiti ba. In ta samu, za ta mallaki shaida, za ta iya aure da rajistar ɗiyarta cikin sauƙi. Amma daga ranar hukumar Dominikan za ta ɗauke ta baƙuwa da shaidar hannunta, baƙuwar da ba ta da izinin zama. Izinin kuwa da biza ake fara shi daga wajen ƙasa, kuma an dakatar da ba 'yan Haiti biza a Satumban 2023 saboda rikicin magudanar ruwa a kogin kan iyaka. In kuna tunanin ɗauko ta ne, ɗan ƙasar Amurka kaɗai ke iya nema wa ɗan'uwansa, jiran ya haura shekara goma, kuma Haiti na cikin ƙasashen da aka hana shiga Amurka a Yunin 2025. Gaba kura baya siyaki. Ita ce za ta zaɓa, bayan lauyan can ya duba ko matakan nan na nan ko sun sauya, kuma ba kafin a gama tattara hujjojin haihuwarta ba.

Abin da ya fi damuna a yanzu shi ne kame. Tun Oktoban 2024 gwamnatin Shugaba Luis Abinader ta ce za ta riƙa tasa ƙeyar mutum har 10,000 a mako, kuma daga 21 ga Afrilun 2025 jami'an shige da fice na duba takardu a asibitocin gwamnati 33. Kalar fata da suna ake fara dubawa kafin takarda, don haka ko maiɗakinka in ta je ziyara, kada ta fita ba katinta. Ƙanwar ta riƙa yawo da kwafin hujjojinta a leda, ta haddace lambar waya biyu, ta lauya da ta ɗan'uwa. In aka kama ta, ta faɗi da Sifaniyanci cewa a ƙasar aka haife ta, ta ambaci garin, kada ta sa hannu a takardar da ba ta karanta ba. Ƙa'idar shige da fice mai lamba 631-11 ta hana tsare yara, masu ciki, masu shayarwa da tsofaffi. Dangi su garzaya da kwafin takardu cibiyar tsarewa ta Haina ko ta yankinsu, lauya ya shigar da habeas corpus, wato ƙarar a fito da wanda aka tsare gaban alƙali, a ranar, domin mota kan kai mutum kan iyakar Haiti, a Dajabón, Elías Piña, Jimaní ko Pedernales, cikin kwana ɗaya ko biyu. A kuma rubuta tun yanzu, a gaban notario, sunan wanda zai riƙe yarinyar in aka wayi gari uwar ba ta dawo gida ba.